Yadda ake gina barkwanci a kan aure da iyali: koyi da mata baƙaƙen fata na Amurka da Ingila

Duk macen da ke son hawa dandamali ita kaɗai da makirufo, ta ba jama'a dariya da zancen aure da na gida, ya kamata ta fara da nazarin Moms Mabley, 'yar wasan barkwanci ta Amurka. Wannan baiwar Allah, wadda ta rasu a 1975, ta daɗe tana zagaya gidajen wasan baƙaƙen fata a zamanin wariyar launin fata, har da gidan wasan Apollo na unguwar Harlem a birnin New York, cikin shigar tsohuwa marar haƙora. Da yake kowa ya ɗauke ta kaka, sai ta riƙa faɗin abin da budurwa ba ta isa ta furta ba, irin cewa ita tsoho bai dame ta ba, saurayi take so, kuma ta nan take bi ta caccaki wariyar launin fata. Saboda haka ki fara tantance bakin da za ki yi magana da shi, na uwa ne, na 'ya ko na matar aure, domin shi ke ba ki izinin faɗin abin da za ki faɗa.

Daga nan ki ɗauko abin da ya same ki da gaske. A cikin 'yan wasan barkwanci na Amurka, Tiffany Haddish ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a gidajen riƙo a Los Angeles, Ms. Pat kuwa ta haihu tana da shekara 14 a Atlanta, kuma dukansu da wannan ciwon suke sa ɗaki ya ɓarke da dariya. A ganina ƙarfinsu ke nan, domin masu sauraro suna saurin gane ƙirƙira.

Idan za ki kwaikwayi wani na gida, ki lura da 'yar wasan barkwanci Gina Yashere, haifaffiyar Landan, yadda take ɗaukar muryar mahaifiyarta 'yar Najeriya da tsananinta, amma ƙauna na bayyane a ciki. Ki sanar da wanda za ki kwaikwaya tukuna, kuma sirrin yara a bar shi a gida.

Sauran aiki ne. Ki rubuta abin da zai cika minti 5, ki ajiye kalmar da ke tayar da dariya a ƙarshen jimla, ki gwada a ƙananan wuraren da ake ba sababbi dama, ki naɗi muryarki, sannan ki yanke duk inda ɗaki ya yi shiru.