Kurakuran da ake tafkawa idan an haifi jariri da azzakari biyu

Na daɗe ina aikin karɓar haihuwa a Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma na gaji da ganin sababbin ma'aikata da iyaye suna maimaita kuskure iri ɗaya duk lokacin da aka haifi namiji da tawaya a gabansa. Wadda ta fi girgiza mutane ita ce wadda likitoci ke kira difaliya, wato a haifi yaro da azzakari biyu. Ba kasafai ake samunta ba, domin ana ƙiyasta cewa ɗaya ce a cikin haihuwar maza miliyan 5 zuwa 6, kuma tun daga rahoton farko na shekarar 1609, wanda ake dangantawa da likita Johannes Wecker, waɗanda aka rubuta a littattafan likitanci ba su wuce 100 da 'yan kai ba. Sau ɗaya na taɓa ganinta da idona, kuma a wannan karon ni ce na yi kuskuren da ya fi kowane muni.

Cikin dare ne a lokacin hunturu, a wani ƙaramin asibiti da nake aiki a wancan lokacin, wata yarinya mai haihuwar fari ta sauka lafiya. Da na ɗaga jaririn zan goge masa jiki sai na ga gaba biyu jere da juna, na dama ya ɗan fi na hagu kauri. Na kira abokiyar aikina, muka haska tocila muna kallo muna salati, muka auna nauyinsa, muka naɗe shi a zane. Da safe dangin suka roƙi a sallame su, suka ce za su kai shi babban asibiti bayan suna, ni kuwa na amince na rubuta musu takarda. Da yammacin rana ta biyu sai ga su sun dawo da shi, cikinsa ya kumbura yana ƙyalli kamar fatar ganga, yana amai kore, ya ƙi kama nono. Sai a lokacin na kifa shi a tafin hannuna na buɗa ɗuwawunsa, na tarar babu ƙofar dubura ko kaɗan, fata ce a shafe. A daren aka garzaya da shi, likitocin tiyata suka buɗe masa mafitar bayan gida ta gefen ciki, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Amma kwana biyun da ya yi yana shan azaba a wuyana suke, domin abin mamakin da ke gaba ya ɗauke mini hankali daga abin da zai iya kashe shi.

Dalilin da ya sa wannan kuskure yake da haɗari shi ne, al'aura da mafitsara da ƙarshen hanji daga wuri ɗaya suke tsirowa a makonnin farko na ciki, tun kafin mata da yawa su san sun ɗauka. Idan ginin ya sami tangarɗa a nan, da wuya ya tsaya a gaɓa ɗaya. Shi ya sa ake yawan samun difaliya tare da rufaffiyar dubura, ko mafitsara biyu, ko matsalar ƙoda, ko rabuwar jakar maraina, ko tawaya a ƙashin baya, wani lokaci har da zuciya. Tun daga ranar na ɗora wa kaina wata ɗabi'a da ba a littafi na karanta ba: duk jaririn da na ga wani abu a gabansa, sai na rufe wurin da tsumma, na kifa shi, na bi bayansa da yatsa daga wuya har zuwa dubura, sannan na dawo kan abin da ya ja idona. Ba na sallamar kowa sai na ga fitsari da kashin farko da idona a cikin awa 24. Ko an nuna mini baƙin kashi a tsumma ba na gamsuwa sai na ga inda ya fito, domin a wasu yaran da ba su da dubura kashin yakan biyo ta hanyar fitsari.

Kuskure na biyu shi ne wanda yake tayar mini da hankali har yau, wato ɗaukar gaba na biyu kamar cindo. Kakar wannan yaron da na ambata ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ba sai a ɗaure ƙaramin da zare ya bushe ya faɗi ba, ko wanzami ya cire shi ranar suna?" Na ce mata, "Inna, don girman Allah kada aska ta kusance shi." Cindo tsoka ce da ke reto a gefen hannu, amma wannan gaɓa ce mai jijiyoyin jini, kuma sau da yawa kowanne daga cikin biyun yana da nasa bututun fitsari. Ba a gane wanda za a bari da ido, domin wanda ya fi girma ba lallai ne shi ke haɗe da mafitsara yadda ya kamata ba. Likita sai ya yi hoton ciki, ya ga ƙoda da mafitsara, ya bi kowace hanyar fitsari, kafin ya yanke shawarar wanda zai cire ko kuma ya haɗe su. Wanda ya sa zare ko aska a wannan wuri yana iya toshe wa yaro hanyar fitsarinsa ɗaya tilo, ko jini ya tsinke a ɗaki babu mai iya tsayar da shi. Ku ma'aikatan da kuke jin irin wannan magana daga bakin tsofaffi kuna yin shiru don kunya, ku sani shirunku amincewa ce.

Haka nan kaciya. Ko a larurar da ta fi wannan yawa, inda ƙofar fitsari ke buɗewa a ƙarƙashin azzakari maimakon a kansa, wadda ake samu a kusan yaro 1 cikin 200 zuwa 300, loɓar nan da ake yankewa a jefar ita ce likita yakan yi amfani da ita wajen gyara. Ni dokata ita ce duk gaban da bai yi kama da na sauran yara ba, babu kaciya sai likitan tiyata ya gani ya ba da izini.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗaukar hoton al'aurar jariri da waya a tura ta WhatsApp cin amana ne, yaron zai girma a cikin garin nan. Ɗora wa mai jego laifi, ko danganta abin ga aljanu da maita, ba ya ƙara komai sai jinkiri da hawaye, alhali babu abin da ta ci ko ta taka da aka tabbatar yana jawo shi. Ɓoye yaro har sai ya kai munzali yana ba ciwon ƙoda damar yin ɓarna a ɓoye. Daina komawa asibiti bayan tiyatar farko shi ma kuskure ne, tunda gyaran yakan zo daki-daki.

Idan irin wannan jariri ya zo hannuna yau, a ranar nake tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda akwai likitocin tiyatar yara da na mafitsara, ba na jiran suna. A takardar ina rubuta lokacin da aka haife shi, ko dubura a buɗe take, ko ya yi kashi, da kuma ta wace ƙofa na ga fitsari ya fito, ta dama ko ta hagu ko duka biyun, sannan na kira mahaifin gefe na karanta masa abin da na rubuta kafin su hau mota.