Yadda za ka auna mutum ba tare da kallon farko ya yanke maka hukunci ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar yaron shago a kasuwar Gombe, ko ya ba da hayar ɗaki a Pantami, ko aka ɗora masa binciken wanda ya zo neman auren 'yar ɗan'uwansa, ya san cewa zuciya ba ta jiran hujja. Kafin baƙo ya gama sallama ya tuɓe takalmi, ka riga ka ji ya kwanta maka ko bai kwanta maka ba. A shekarar 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun nuna wa mutane hotunan fuskoki na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ga shi har sun yanke cewa wannan amintacce ne, wancan kuma ba abin yarda ba ne. Da aka ƙara musu lokacin kallo, hukuncin bai sauya sosai ba, sakankancewarsu da shi ce ta ƙaru. Saboda haka kada ka ɓata ƙarfinka wajen hana wannan tunani zuwa, domin zai zo ko ka so ko ka ƙi. Abin da ke hannunka shi ne ka kira shi da sunansa na gaskiya, wato zato, ka kuma hana shi zama a kujerar alƙali.

Fara da raba abin da idonka ya gani da fassarar da ka yi masa. Idan ka ce yaro yana da rashin gaskiya, tambayi kanka mene ne takamaimai ka gani. Sau da yawa amsar ita ce bai kalle ka ido cikin ido ba, alhali a gidajenmu, musamman na Fulani, sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne da kunya da aka rene shi a kai. Wanda ya taso a Kaltungo ko Billiri yana iya cewa "ya zo" inda za ka ce "ta zo", sai ka raina basirarsa, ka manta cewa Hausa harshensa na biyu ne ko na uku, kai kuwa ba ka iya gaisuwa da Tangale ba. Matashi kuma ya yi wani irin aski, a take an kira shi ɗan Kalare, wato ɗan daba a Gombe. Idan ka rage maganar zuwa "ya sunkuyar da kai" ko "ya yi aski iri kaza", za ka ga da kanka cewa abin da ke hannunka bai kai a gina hukunci a kansa ba.

Daga nan sai ka auna kowace sifa ita kaɗai. Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya lura cewa hafsoshin soja, idan aka ce su kimanta na ƙasa da su, wanda suka ga yana da kyan ƙira sai su ba shi maki mai yawa a hankali da shugabanci da ɗabi'a baki ɗaya, kamar dai sifa ɗaya ce ta haskake sauran. Na kama kaina da wannan a aikin koyarwa. Akwai ɗalibar da rubutunta ke da tsabta kamar an buga da inji, kuma na lura idan amsarta ta farko ta yi kyau, to, ta uku da ta huɗu ko da sun yi rauni hannuna yana sassauta mata, wanda rubutunsa ya yi kama da tsattsagin kaza kuwa sai na riƙa neman kuskurensa da fitila. Tun daga lokacin nake ninke gefen takarda in rufe suna, in duba tambaya ta ɗaya a dukkan takardun ajin kafin in koma ta biyu. Makin wasu ya sauka, na wasu ya hau, kuma abin ya daɗe yana damuna, domin hakkin yara ne. Haka za ka yi da mai neman aiki: iya gaisuwa da durƙusawa daban, iya lissafi daban, riƙon amana daban, kuma kowanne yana da nasa gwajin.

Kula kuma da wanda ka fara ji. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Solomon Asch, a 1946 ya karanta wa mutane sifofi shida na wani mutum, ya fara da "mai basira" ya ƙare da "mai hassada", wasu kuma ya karanta musu sifofin nan dai amma daga ƙarshe zuwa farko. Na farkon suka ga mutumin kirki mai 'yan kurakurai, na biyun suka ga mutum mai matsala. A binciken aure wannan ne ke cutar da mutane, domin idan bakin farko da ka ji na mai jin haushinsa ne, duk alherin da za a faɗa daga baya sai ya zame maka kamar an rufa masa asiri ne. Ka tambayi mutane da dama waɗanda ba su da alaƙa da juna, kuma kada ka tsaya a "yaya halinsa?", domin amsar kusan kullum ita ce "ba shi da matsala". An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo yaba wani mutum ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa tafiya da shi, ko sun taɓa cuɗanya ta dinari da dirhami, da ya ce a'a sai ya ce masa ai ba ka san shi ba. Waɗannan tambayoyi uku har yau ban ga waɗanda suka fi su ba. Nemi wanda ya taɓa binsa bashi, da wanda suka haɗa bango, da wanda ya gan shi ransa a ɓace.

Inda aikin ya fi wuya shi ne neman abin da zai ƙaryata ka. Da zarar ka ƙi mutum, makararsa ta rana ɗaya hujja ce, zuwansa da wuri na kwana ashirin kuwa ba ka ma lura da shi. Ƙari a kan haka, ɗaure fuskar da kake yi masa ita ce ke sa shi in'ina da rawar jiki, sai ka ce ga shi nan, dama na faɗa. Ka ba shi ƙaramar amana wadda asararta ba za ta karya ka ba, kamar aike kasuwar Tudun Hatsi da kuɗin da ka san za a dawo da canji, ka ga yadda zai yi, ka maimaita, ka kuma bar lokaci ya yi aikinsa, tunda ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wanda ya burge ka tun ranar farko shi ma ka yi masa wannan gwajin, ba sassauci.

Ba ina cewa ka yi watsi da ɗar-ɗar ɗin da zuciyarka ke yi ba. Kana da ikon ƙin ba da bashi ko makullin shago har sai ka natsu, wannan taka-tsantsan ne. Abin da ba ka da iko a kansa shi ne ka kai zatonka majalisa ka faɗe shi kamar labari, domin aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta ce sashen zato zunubi ne, ita ce kuma ta hana bin diddigin asirin mutane da yi da su a bayan ido. Idan kuwa bakinka ya riga ya suɓuce, daga baya ka gano ka yi kuskure, to, sauya ra'ayi a zuci bai wadatar ba. Ka koma wurin mutanen da ka gaya wa, ɗaya bayan ɗaya, ka shaida musu abin da ka gani daga baya, domin su har yanzu da maganarka ta farko suke kallonsa.