Kurakuran da aka fi yi wajen rufa kwale-kwale da yi masa gyara

Kwale-kwalen katako da ake su da shi a tafkin Madarunfa, ko wanda ake ƙetare Gulbin Maraɗi da shi idan ruwa ya kawo da damina, ya fi lalacewa a kwanakin da yake ajiye a tudu fiye da kwanakin da yake bisa ruwa. Abin da ke damuna shi ne yawancin ɓarnar tana fitowa ne daga hannun mai shi, wanda ya rufa shi da kyakkyawar niyya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shimfiɗa tamfol a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗaure, a tafi gida. Da hadari ya sauko sai tsakiyar ta lotsa ta zama kwatarniya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lotsawar da tsawonta da faɗinta suka kai mita ɗaya, zurfinta santimita 10, tana riƙe da kilo 100, wato nauyin cikakken buhun gero. Wannan nauyi yana yaga tamfol, yana janyo gefunan jirgin zuwa ciki har haɗin katako ya saki, kuma ruwan da ya kwana a nan gidan sauro ne. Maganinsa a yi wa rufin doro kamar na jinka: a kafa gwafa biyu, ɗaya a goshi ɗaya a baya, a ɗora doguwar gora a kansu, sannan a tanƙwara ɗanyun sandunan geza su haye ta daga gefe zuwa gefe, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce kamu biyu. Masu amfani da tiyon roba a madadin geza su sani cewa ranar watan Afrilu tana sa shi laushi ya sunkuya, bayan 'yan shekaru kuma ya bushe ya riƙa karyewa, don haka a zaɓi mai kauri. Duk inda kan sanda zai taɓa tamfol a naɗe shi da tsohuwar robar taya, domin iskar da ke gabatar ruwa tana goga shi a wurin har ya huje.

Wasu kuma sukan toshe ko'ina, suna ganin sun kyauta. Danshi ya rasa mafita, katako ya yi fumfuna ya fara ruɓewa daga ciki. A bar kafa a goshi da baya iska ta riƙa ratsawa. Kada kuma a bar jirgin a kan ƙasa, domin gara ba ta jira; a ɗora shi bisa guntayen azara ko tsofaffin tayoyi, a inuwa idan da hali, saboda zafin bazara yana sa katako ya tsuke ya tsage.

Wajen gyara, ana yawan buga ƙusar ƙarfe a jikin jirgi don a sami abin ɗaure igiya. Ƙusar takan yi tsatsa, ramin ya buɗe, ruwa ya sami hanya. A zagaya igiyar ta ƙarƙashin jirgin, in kuwa dole sai an huda, a yi can sama kusa da baki, a cike ramin da kwalta.

Gyaran da na fi jin tsoro shi ne ɗaga wurin zama da kafa rumfar ƙarfe don inuwa. Kwale-kwale siriri ne, kuma duk nauyin da aka hau da shi sama yana ƙara masa saurin kifewa, ga rumfar tana kama iska kamar tabarmar da aka shanya. Wanda yake buƙatar inuwa ya yi ta da gora da yadi marar nauyi, gajeriya, wadda za a iya kwancewa nan take idan gabas ta yi baƙi, wurin zama kuma ya tsaya ƙasa inda kafinta ya sa shi tun farko.