Yadda ake neman a kafa allon STOP a mararrabar unguwa a Amurka

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san maganin direba mai gudu a cikin layi: matasan unguwa su yi karo-karo, su sayi siminti su zuba tudu, magana ta ƙare. A Amurka wanda ya yi haka tara zai biya. Hatta jan allon nan mai kusurwa takwas da aka rubuta wa STOP, hukuma kaɗai ke kafa shi, kuma ba yawan koke ke sa ta kafa ba, ƙidaya take bi. Idan kana zaune a Bronx da ke New York ko wani birni can, kuma akwai mararrabar da ke tayar maka da hankali, ga yadda za ka bi.

1. Gano mai titin. Wani titin na birni ne, wani na gunduma, wani na jiha, kuma kowa nasa yake kula da shi. A New York hukumar sufuri ta birnin ce ke da yawancin titunan unguwanni, ana kai mata buƙata ta lambar waya 311 ko ta shafinta na intanet. A ƙananan garuruwa, nemi ofishin ayyuka ko injiniyan zirga-zirga.

2. Tara hujja kafin ka rubuta. Ambaci sunayen titunan biyu, da lokacin da abin ya fi ƙamari, da ko akwai makaranta, masallaci ko filin wasan yara kusa. Idan motocin da ake ajiyewa a bakin kwana, ko wani shinge, ko bishiya suna hana direba hango mai zuwa, ɗauki hoto, domin rashin gani babbar hujja ce a wurin injiniya. Wani abu da mutanenmu ke yawan mantawa: hatsarin da aka kai rahotonsa ga 'yan sanda ne kawai ke shiga lissafi. Wanda aka sasanta a bakin titi, aka ba juna haƙuri kowa ya kama gabansa, a takarda kamar bai faru ba ne.

3. Jira binciken. Nan ne ainihin hukuncin yake. Ma'aikata za su zo su shimfiɗa siririn bututun roba a kan kwalta, ko su ɗaura kyamara, su ƙirga motoci da masu keke da masu tafiya a ƙasa, su auna gudu, su duba tarihin hatsari. Sai su gwada abin da suka samu da wani littafin ƙa'idoji da ake kira MUTCD, na hukumar manyan hanyoyi ta tarayya, wanda ya fara fitowa a 1935, bugu na 11 kuma ya fito a Disambar 2023.

Bugun 2009, wanda aka daɗe ana aiki da shi, ya ba da ma'auni na sa allo a dukkan ɓangarorin mararraba. Ko dai a samu hatsari biyar ko fiye cikin wata 12, irin waɗanda allon zai iya hanawa, kamar karon gefe. Ko kuma babban titin ya riƙa shigo da mota 300 a awa har tsawon awa takwas a rana, ƙaramin titin kuma ya kawo 200 a awa a waɗannan awannin idan an haɗa motoci, kekuna da masu ƙafa, sannan motar ƙaramin titi ta riƙa jiran daƙiƙa 30 a lokacin cunkoso. Inda gudun motoci a babban titin ya wuce mil 40 a awa, kashi 70 cikin ɗari na alƙaluman yawan zirga-zirgar ya wadatar. Yawancin layukan unguwa ba sa kusantar wannan adadi, shi ya sa ake yawan samun amsar a'a.

4. Kada ka dogara da maganar gudu. Littafin ya faɗa ƙarara cewa allon STOP ba na rage gudu ba ne, aikinsa raba gardamar wa zai fara wucewa. Da fari na ɗauki wannan a matsayin wayon ma'aikata, amma da na duba sai na ga suna da gaskiya. Direban da ya saba tarar da mararraba wayam kullum zai daina tsayawa sosai, ya ɗan taɓa birki ya wuce. Yaron da ke tsallakawa kuwa ya saki jiki, yana zaton za a tsaya masa. Idan gudu ne damuwarka, nemi tudun rage gudu, ko zanen tsallakawa, ko a hana ajiye mota a bakin kwana, ka rubuta shi a matsayin buƙata ta daban.

5. Karɓi amsa a rubuce. A wasu garuruwan sa hannun injiniya ya isa, a wasu kuma sai majalisar gari ta zauna ta amince. Idan an ƙi, roƙi a ba ka sakamakon ƙidayar ka ga inda aka gaza. A New York kana iya kai maganar ga kwamitin unguwarku, cikin guda 59 da birnin ke da su, ko ofishin kansilanku. Ba su da ikon soke lissafin injiniya, amma wasiƙarsu takan sa a waiwayi fayil. Idan daga baya aka buɗe sabuwar makaranta ko aka gina dogon bene a kusa, zirga-zirga ta canza ke nan, sai ka sake shigar da buƙata a zo a yi sabuwar ƙidaya.