Dogon Hutu da Yara a Abuja: Nan Ba Ƙofar Gidanku Ba Ce

Da makarantu sun rufe a ƙarshen Yuli, wayar sabon zuwa ba ta hutawa. Yaya ce daga Katsina ko Gusau: "Ga su Abba nan zan turo maka, su zo su ga Abuja." Kai kuma kunya ta hana ka cewa komai sai "To Yaya, Allah Ya kawo su lafiya." Kafin Juma'a gidan da ke da mutum shida ya koma na sha ɗaya. Mu da muka daɗe a garin nan mun ga wannan sau ba adadi, mun kuma ga inda yake ƙarewa, shi ya sa za mu fara daga gida kafin mu kai ga lilo da kwale-kwale. Wurin yawo ba ya wahalar samu a Abuja. Abin da ke ɓata wa mutane hutu yana cikin takardar hayar da suka sa wa hannu ba su karanta ba.

Ɗauko takardar nan yau, Malam, ka nemi wuri uku. Na farko, ko an rubuta adadin mutanen da za su zauna a gidan. Masu gidaje da yawa, musamman a Kubwa, Lugbe, Karu da Gwarinpa inda ake raba gini ɗaya gida huɗu ko shida, suna saka wannan sharaɗi, wasu har da iyakar kwanakin da baƙo zai yi. Na biyu, yadda ake raba kuɗin ruwa, shara da maigadi: gida-gida ne ko kai-kai. Na uku, wa'adin tashi. Dokar da ke aiki a Abuja ta ba mai hayar shekara wata shida na sanarwa, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sannan kwana bakwai kafin a kai magana kotu. Amma wannan sai in takardarku ba ta faɗi wani abu dabam ba. In ka sa hannu a kan wata uku ko wata ɗaya, shi kotu za ta duba. In kuma an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce cak, daga rana kaza zuwa rana kaza, to da ranar ta cika kwana bakwai ɗin nan kawai ya rage maka. Mai gida ba shi da ikon kwashe maka kaya ko cire ƙofa da kansa ba tare da kotu ba, wannan gaskiya ne. Sai dai yana da ikon da ya fi wannan ciwo: ya ƙi sabunta maka, ka koma wurin dillali ka sake biyan kashi goma nasa, kashi goma na lauya, da kuɗin ajiya na ɓarna, a kan hayar da ta riga ta tashi.

Kuma abin da ke kai mai gida ga wannan shawara yawanci ruwa ne. Lissafin ba wuya. Ka ɗauka kowane mutum na cin lita 50 a rana tsakanin wanka, alwala, bayi da wanki. Mutum shida lita 300 ke nan. An ƙara yara biyar, an koma 550, kuma yaro ba ya rufe famfo. In tankin sama mai lita 2,000 ne ku gida huɗu kuke sha, ruwan da a da yake kaiwa dare yanzu kafin azahar ya ƙare, dole a sake tayar da injin burtsatse, wuta ta ƙara ci. Maƙwabciyarka ba za ta zo ta same ka ba yadda ake yi a gida, ta ce "Malam, don Allah a riƙa lura." Za ta rubuta a zauren WhatsApp na masu haya, da hoton takalma goma sha ɗaya a bakin ƙofarka. Daga nan magana ta fita hannunka.

Maganin araha ne. Kafin yaran su iso, ka samu mai kula da gidan, ka gaya masa mutum nawa ne, ranar zuwa, ranar komawa. Ka ce da bakinka za ka ƙara wani abu a kuɗin ruwa na watan, tun ba a tambaye ka ba. Ka tura masa hakan a rubuce ta waya don ya zama shaida. Ka sayi babbar roba mai lita 200 ka ajiye a bayan kicin, a cika ta da safe, wanki da wanke-wanke su koma can. In mitarku ta haɗaka ce, ka ɗauki hoton lambar da ke kanta ranar da suka zo. In taka ce kai kaɗai mai kati, ka sani dutsen guga na cin kusan yunit ɗaya a awa, hitar dafa ruwa ta fi haka, kuma su biyun ne 'yan mata 'yan hutu suka fi so. Sokawe ma, wato ramin da ruwan masai ke taruwa, kada ka manta: damina ce, ƙasa ta sha ruwa, rami na saurin cika, kuma kunzugun jarirai da leda da aka jefa a masai su ne ke toshe bututun gida huɗu a kira motar zuƙe masai a raba muku kuɗi.

Sai ƙofa. A rukunin gidaje da yawa baƙo ba ya shiga sai an kira ka ko ka tura masa lambar shiga. Ka kai yaran wurin masu gadi ranar farko, su gan su ido da ido, a rubuta sunayensu. Kowane yaro a saka masa takarda a aljihu: sunan rukunin, titi, lambar gida, lambar waya biyu. Kada ka ce ai babba ne. Yaro ɗan shekara goma da ya san kowane lungu na Ƙofar Ƙaura a Katsina zai ɓace a Gwarinpa cikin minti goma, domin gidajen kamar an haife su rana ɗaya, kuma babu mai shago da zai dube shi ya ce "Kai ba jikan Alhaji wane ba ne?" A gida unguwa ce ke renon yaro. A nan kowa ya ja ƙyaurensa. Ƙwallo ta fasa gilashin motar maƙwabci, ba haƙuri za a ba ka ba, takardar kuɗi za a miƙo maka. Ka kuma ja musu kunne a kan baki: maƙwabtanka Gbagyi ne, Ibo, Yarbawa, Tibi, Idoma, kuma da yawansu suna jin Hausa fiye da yadda kake zato. Sunayen da ake jefa wa wasu ƙabilu a wasan ƙofar gida can, a bar su can.

To, yanzu fita. Turawa na kiran wannan hutu na lokacin zafi, mu kuwa tsakiyar damina yake faɗo mana, Agusta da farkon Satumba su ne ganiyar ruwa a Abuja. Saboda haka fitar safe ce: ku bar gida ƙarfe tara bayan cunkoson ma'aikata ya lafa, ku kama hanyar dawowa kafin uku da rabi. Wanda ke zaune Nyanya, Karu ko Mararaba ya ƙara kiyaye wannan, domin daga ƙarfe huɗu hanyar AYA, mahaɗar Asokoro da ake bi zuwa can, ta cushe da motoci, kuma awa biyu a mota da yaro mai jin fitsari ba hutu ba ne. In hadari ya haɗo kuna waje, ku fake ku jira. Kada direba ya ce zai ratsa ruwan da ya hau kan gada ko kwalbati, ko da yana ganin kamar bai kai gwiwa ba; wajen Lokogoma, Galadimawa da wasu sassan Lugbe an sha yin asarar rai a haka.

Wanda ba shi da mota ya karanta nan sau biyu. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, a daidaita sahu ma iyakarta unguwanni da garuruwan gefe. Abin da aka fi samu shi ne tasi, kuma a nan 'yan wan-cans suke: mota da fasinjojin bogi a ciki, ka shiga, a ƙwace waya da katin banki, a jefar da kai a gefen hanya. Abin takaici, har yau za ka ga mutuminmu da babbar riga, matarsa da goyo, yara uku da kular abinci, tsaye ƙarƙashin gada da magariba yana ɗaga wa kowace mota hannu don ta fi ta tasha arha da naira ɗari biyu. Ka shiga mota a tasha inda ake lodi da 'yan kamasho, ko ka kira ta manhajar waya ka duba lambar motar ta yi daidai da wadda aka nuna maka kafin kowa ya buɗe ƙofa. Iyali mai mutum biyar ko shida, shatar mota ɗaya sau da yawa ba ta fi kuɗin kujera-kujera da canjin mota biyu tsada ba. Mafi kyau ma, ka tambayi mutanen masallacin unguwarku; babu masallacin da ba shi da direban da aka sani da gidansa da iyalinsa. Wannan kam abin alfaharinmu ne, duk inda Bahaushe ya sauka a garin nan, daga Dei-Dei zuwa Zuba zuwa Gwagwalada, in ya yi sallama a sahu zai samu mai nuna masa hanya. Mai motar kansa kuma: yaro ƙasa da shekara 12 a baya yake zama, ba a cinyar uwa a gaba ba, takardu su zama cikakku, kada ka ɗora mutum tara a motar mutum biyar ka shigo gari.

Wuraren da kansu a taƙaice. Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003, shi ne na farkon zuwa: fili ne mai faɗi da ciyawa da inuwa, an san shi da shiga kyauta, ku je da tabarma, dafa-duka a kula, ruwan sha aƙalla lita ɗaya ga kowane kai, da ledar kwashe shara. Ranar aiki ta fi Lahadi sarari. Gidan namun daji na yara yana Asokoro a gindin Dutsen Aso, ana biyan kuɗin shiga. Tunda kusa da fadar shugaban ƙasa ne, a hana samari ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro a hanya. Magicland, wanda tsofaffin gari ke kira Wonderland, yana kusa da ƙofar birni da babban filin wasa. A irin waɗannan wuraren kuɗin ƙofa dabam, na kowane lilo dabam, don haka tun a gida a yanke: kowane yaro wasa biyu ko uku, a faɗa masa, a huta da kuka. Tafkin Jabi akwai doki da kwale-kwale. Ba rigar hana nitsewa daidai jikin yaro, ba hawa, komai zaƙin bakin mai jirgi. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka dawo da shi aiki a Mayun 2024, daga tashar tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, shi kansa yawo ne ga yaron da bai taɓa hawa ba, sai dai a tambayi lokutan tashinsa kwana ɗaya kafin a je, ba kowace awa yake tashi ba.

In kana son yaran su koma da abin faɗa wanda ya wuce hoto, ka ware rana guda ta Suleja. A Madalla ku tsaya su ga Dutsen Zuma, ka zaro tsohuwar naira ɗari su gwada shi da hotonsa da ke bayanta. Ka gaya musu sunan Abuja na garin Suleja ne tun asali, garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ta Haɓe ya kafa a 1828, aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin tarayya, tsohon garin ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan Ladi Kwali, matar da ke bayan naira ashirin tana ginin tukunya, ta yi aikinta. Yara da yawa da aka haifa a Abuja ba su san wannan ba, iyayen ma haka. Gurara kuwa, da ke gaba a hanyar Minna, a Agusta ta kallo ce daga nesa, duwatsun santsi gare su, ruwan kuma yana da ƙarfin da ba a wasa da shi. Ka tambayi halin hanya kafin ka tashi, kada yamma ta yi muku a can. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape da samari ke rububin hoto a bakinsa, ruwa ne mai zurfi ba shinge, ba wurin ƙananan yara ba ne.

Sauran kwanakin da ba fita, Islamiyyu da yawa na buɗe ajin hadda na hutu, makarantun boko kuma na yin lesin. Ka zaɓi wanda za a iya zuwa da ƙafa, ka biya na mako biyu tukuna ka ga kamun ludayinsu. Gidan sauro ga kowace shimfiɗa, har ta falo. Yaro ƙasa da shekara biyar da aka ɗauko daga jihohin da ake bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin damina duk wata, a taho da katinsa, a tambaya a asibitin unguwa kada zagaye ya wuce shi. In gudawa ta kama yaro bayan ciye-ciyen waje: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kuna hanyar asibiti. Lambar gaggawa 112 ce, a koya wa manyan cikinsu.

Komawa gida kada ta kai makon ƙarshe, lokacin kowa ke neman mota a Jabi, Utako da Zuba, kuɗi ya hau. Jirgin Kaduna daga Idu ko Kubwa ta intanet ake yankar tikitinsa da lambar ɗan ƙasa, kujeru na ƙarewa da wuri. Babba na gida ya raka su, ba a damƙa yara ga direba da lambar waya. Tsarabar Yaya kilishin Area 1 ya isa. Ranar da suka tafi, ka zaga gidan da mai kula da shi: bangon da aka zana da biro, ragar taga da aka huda, kan famfo da aka karya. Ka gyara da kanka a makon, galan ɗaya na fenti da mai gyara na yini guda, kada ka bari sai ranar tashi a cire maka ninkinsa uku daga kuɗin ajiya.