Darasi na Bakwai: Gyaran Gida da Abin da Ke Hannu

Duk wanda ya zauna a Sakkwato ya san ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ta daga hamada, ta zube ta kan gado da kwanuka, har cikin randa in an bar ta buɗe. Ana fita daga wannan sai zafin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan wuce 40. A Yuni damina ta kankama, sauro ya biyo ta. Shi ya sa wasu kan saki jiki su ce, "Ko an share, gobe ma ƙurar ce." Wasu kuma na jiran ranar da kuɗi za su zo, a sayo siminti daga Kalambaina, a shafe ko'ina, a sa tayil. Kafin ranar ta zo, shekaru sun wuce ana zaune cikin tarkace.

Yawancin abin da ke sa gida kyau ba ya cin kwabo. Hannu yake ci, da ɗan lokaci kullum.

Ɗaura aiki a jikin salla

Mutum kan yi niyyar gyara, ya yi kwana biyu da zafi-zafi, sannan ya manta. Dalili shi ne bai ba aikin lokacinsa ba. Mu kuwa muna da lokuta biyar da ba sa kuskure mana. To, a liƙa wa kowane ƙaramin aiki sallar da zai bi. Bayan asuba a kaɗe shimfiɗa, a naɗe gidan sauro, a buɗe taga iska ta shiga kafin rana ta yi zafi. Bayan la'asar a share tsakar gida. Kafin magariba a wanke kwanukan rana a kife su, a rufe randa. Ya zo a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Ita ma sharar akwai yadda ake yin ta. In ƙasa ta bushe, a fara yayyafa ruwa da hannu, a bar shi ya ɗan sha, sannan a sa tsintsiya. In ba a yi haka ba, ƙurar sama za ta tashi, ta shiga hancin yara, ta dawo ta sauka inda aka share. Ruwan ɗauraya ya isa, ba sai an taɓa na sha ba, balle a unguwannin da sai an sayi jarka wajen 'yan garuwa. Kayan ɗaki kuma da ɗanyen tsumma ake goge su. Busasshen tsumma sauya wa ƙura wurin zama kawai yake yi.

Ƙasa, bango da inuwa

Iyayenmu ba su jira siminti ba. Mata kan taru su yi daɓe: a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, sannan a zuba ruwan makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa. In ya bushe sai ya yi tauri, ya yi duhu-duhu yana sheƙi, ga sanyi a tafin ƙafa. Har yanzu akwai tsofaffin da suka iya. Wadda ɗakinta ke tashin ƙura ta nemi ɗaya daga cikinsu ta koya, tun suna nan.

Bango kuma a shafa masa farar ƙasa sau ɗaya a shekara, bayan ruwa ya ɗauke. Fari na mayar da hasken rana, ɗaki ya rage zafi, ya ƙara haske. Kafin damina maigida ya duba indararo da tsagar bango, ya liƙe.

Sai itace. Darbejiya asalinta daga Indiya take, amma ta karɓi ƙasarmu, tana jure fari, ganyenta ba ya ƙarewa ko da rani. A dasa ta a Yuli ko Agusta, lokacin da ruwa ya zauna, kuma a nisanta ta da bango da masai, don saiwarta na tafiya. Gidan da ba fili sosai, zogale ya fi dacewa: ko reshe aka kafa yana kamawa, ga miya ga kwaɗo. A dasa shi inda ake alwala, ruwan da ke zuba ya ishe shi. Amma a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando. Jar akuyarmu ba ta san dashe ba. Ita ma a yi mata turke a kusurwa guda, a riƙa kwashe kashinta ana zuba wa shukar.

Abu ɗaya da ba a yi masa sassauci shi ne kwantaccen ruwa. A lokacin zafi, ƙwan sauro kan zama sauro mai tashi cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Tsohuwar taya, fasasshen tulu, gwangwanin madara, kwatar da leda ta toshe, duk nan yake haihuwa. Kowace Juma'a a zagaya gida, a kife abin da ya tara ruwa, a yashe kwata. Ledar da aka tsince a tara ta cikin buhu a kai juji. Kada a ƙona ta a tsakar gida, hayaƙinta na cutar da ƙirji.

Abin da ke ƙarƙashin gado

Nan ne aikin ke da wuya. Leƙa ƙarƙashin gadonki. Akwai kwanon da ya hude, fitilar da ta mutu tun bara, takalmi wari guda, zannuwan da ba a ɗaura ba tun sunan yaron da yanzu ke makarantar allo. Kowanne an ajiye shi ne don "wata rana." A nan ɓera da kyankyaso ke kwana, a nan kunama ke fakewa da zafi.

A fito da su rana. Mai amfani a wanke a ba shi wurinsa. Wanda wani zai mora a bayar sadaka. Ƙarfe da tsohuwar roba a sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin ya sayi sabuwar tsintsiya. Sai dai a bi a hankali da kayan wani, musamman na manya. Karanta wannan hirar tsakanin wata mata da uwar mijinta:

"Inna, wagga tasa ta hude. In ba 'yan gwangwan?"

"Ke ɗiyar ga, bar min abina. Da ita anka kawo ni gidan ga."

"To Inna, mu zuba mata ƙasa mu dasa na'ana'a, mu aje ta ƙofar ɗakinki."

"Awo, wannan kam na yarda."

Da ta jefar da tasar a ɓoye, da an yi wata guda ana gaba. Hujin da ya hana ta riƙe miya shi ne zai riƙa fitar da ruwan shuka.

Wai girma ya hana

Za a ce maka hali zanen dutse, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Za a ce da ke, "Yau kuma boko ya shigo gida?" Namiji in ya ɗauki tsintsiya ya share zaure da ƙofar gida, wani a majalisa zai yi masa dariya. Ya tuna cewa Nana A'isha ta ba da labarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. Kwata, indararo, kai shara juji, duk na maigida ne da samarin gidan. Gidan da aka bar wa mace ita kaɗai komai, ga girki ga raino, ba zai gyaru ba, kuma ba laifinta ba ne.

Batun girma kuwa, garin nan ya daɗe da ba da amsa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Mata ne daga ƙauyuka, da yawansu dattijai da suka aurar da 'ya'ya, suna tattaki zuwa wurinta ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, wadda ake naɗawa da malfa. Su koyi karatu da addini da tarbiyya, su koma su koyar da na gida. Ba wadda aka kora don furfura. Kai ma da kake riƙe da littafin nan, bara ba ka iya rubuta sunanka ba.

Shawararmu ita ce kada a ɗauki duk abin da ke cikin darasin nan a rana ɗaya. Mai yin haka gajiya yake yi ya watsar. A zaɓi ɗabi'a guda, a riƙe ta har ta daina nauyi, sannan a ƙara wata. In an yi fashin kwana biyu saboda biki ko rashin lafiya, a ci gaba daga inda aka tsaya. Yara kuma a ba kowa nasa: wannan ya jera takalma a bakin ƙofa, wancan ya ba zogale ruwa. In sun yi, a yaba musu a gaban mutane.

Aiki

A littafinka na rubutu, rubuta ranakun mako daga Asabar zuwa Juma'a, kowace a layinta. A sama rubuta ɗabi'ar da ka zaɓa da sallar da za ta bi, misali: "Bayan la'asar, yayyafi da shara." Duk ranar da ka yi, sa alama a gabanta. Sannan ka ƙirga abubuwan da ka samu suna tara ruwa a gidanku, ka rubuta sunayensu da adadinsu da lamba. A zo da littafin aji mako mai zuwa, kowa zai karanta nasa da ƙarfi.