Darasi na 6: In inbata na ƙona fiyus a jirgin ruwa

Masu jirgi irin na Yawuri da sauran bakin tafkin Kainji da yawa yanzu suna ɗora batir mai bolt 12 da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, don cajin waya da kunna fitila, wasu har da ƙaramar firiza ta kifi. To ɗan'uwa in fiyus ya ƙone kar ka yi saurin zarginsa, aikinsa ke nan, ya tsinke kafin wayar wuta ta kama. Abin da za ka lura da shi shi ne yaushe yake ƙonewa.

In kana haɗa batir ya ƙone nan take, fara duba ko ka juya wayoyin, ja a kan alamar ƙari yake, baƙi a kan alamar ragi. In daidai suke to kashe inbatan, cire duk abin da ka jona a jikinsa, ka bi jar wayar da ido da hannu tun daga kan batir, don girgizar inji tana sa waya ta yi ta gogar ƙusa ko ƙarfe har robar ta cinye ta taɓa baƙar, ga kuma laima da tsatsa da ba sa rabuwa da jirgi. Waya lafiya, ba komai a jone, amma sabon fiyus ya sake tashi? Cikin inbatan ne ya lalace, kai wa mai gyara, kar ka buɗe.

In kuwa sai ka kunna kaya yake ƙonewa, nauyi ne ya yi yawa, kuma nan akwai ɗan lissafi. Raba wat (ƙarfin wutar da kayan ke ci) da bolt na batir zai ba ka amf, wato yawan wutar da ke bi ta waya da fiyus. Kayan wat 600 a batir mai bolt 12 amf 50 ke nan, har da ɗoriya tunda inbatan ma yana cin nasa, ka ga fiyus mai amf 30 ba zai ɗauka ba. Firiza kuma lokacin tashi tana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da aka rubuta a jikinta, shi ya sa ake kunna ta ita kaɗai tukuna. Batir da ya yi sanyi ma yana sa inbata ya ƙara jan amf, haka kusoshin kan batir in sun yi sako-sako zafi suke kawowa.

Don Allah kar ka ɗaura zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus, kar kuma ka sa babba alhali wayarka siririya ce, wallahi gobara ce, ga jarkar fetur a gefe ga ku a tsakiyar ruwa. Sa mai lambar da takardar inbatan ta ce, a kan jar waya dab da batir, ka matsar da fetur nesa kafin ka taɓa kan batir saboda tartsatsi.

Aikin gida: kayan wat 240 a batir mai bolt 12, amf nawa ke nan?